Ƙafa ta Sha Huɗu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya kunnen? Tunda ka ce waya ba ta kawo maka komai sai ƙara, ga takarda nan na ba direba ya miƙa maka.

Ka tambayi labarin Auta a wurin aiki. To, Auta tana nan, ta cika shago. Wata huɗu ke nan da Oga ya ɗauke ta, amma in ka shigo sai ka rantse ita ta gina wurin. An saya mata kujera mai juyawa. Ni shekara goma sha ɗaya ina kan bencin nan da ka sani, mai ƙusa a gefen hagu, ba wanda ya taɓa tambayar lafiyar bayana. Oga kuwa "Injiniya" yake kiranta. Ni kuwa da na koya mata riƙe ayan ɗin narka dalma ba tare da ta ƙone yatsa ba, sunana "kai, zo nan".

Aikinmu dai yana nan yadda ka bar shi, fanel na injin ƙyanƙyasar ƙwai, allon lantarkin da zai kula da zafi, ya juya farantin ƙwai a kan lokaci. Wanda muke haɗawa tun zamaninka bai taɓa ba mu kunya ba. Ita ta zo ta ce ya tsufa. Ta zana sabo a kwamfuta, ta sa masa wata sabuwar aisi, irin wadda ake zuba wa umarni, maikurokantarola in ji ta, ba ta fi farcen babban yatsa ba, ƙafafunta sirara sai da gilashi ake ganinsu sosai. Wai da ita mai kaji zai riƙa ganin zafin injinsa a waya yana tsakiyar kasuwa. Oga da ya ji haka baki har kunne, abokansa ma yake kirawo su zo su ga abin mamaki.

Ga abin mamakin, Kawu: fanel biyu ta haɗa, duka biyun sun mutu. Kuma wuri ɗaya, ƙafa ta sha huɗu, wadda ke sauraron ɗan makunnin da ke gaya wa aisi cewa faranti ya kai ƙarshe, a tsayar da moto. A teburina lafiya lau suke wuce gwaji. Ana sa su cikin inji, kwana ɗaya ko biyu, sai ƙafar ta daina ji, moto ya yi ta turawa har sai an cire wuta. Allah ya sa ba a sa ƙwai ba tukuna.

Ka ga Injiniya ranar. Ta zauna da takardu fal gabanta tana ta karatu, shayinta ya huce ba ta sani ba. Ba zan ce na ji daɗi ba, ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Amma ba zan ɓoye maka ba, ranar na ci abinci sosai.

A gaida kowa da kowa. Allah ya ƙara maka lafiya.

Ɗanka,
Babba

Zuwa ga Babba,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta sau biyu. Kunne yana nan yadda ka sani, ido dai alhamdulillah. Ina gaida maiɗakinka da yara.

Rabin takardar kujera ce, na lura. Ka cire ƙusar bencin nan mana, kai da ke da filaya a hannu kullum.

Mu zo ga aiki. Ƙafar aisi ba ta mutuwa don Allah ya yi kwananta ya ƙare, kashe ta ake yi. A shekarun da na yi a kan tebur, hanyoyin da na ga ana kashe ta ba su da yawa. Wani ya taho yana jan takalmi a kan kafet, jikinsa ya tara wutar nan mai tsarga in ka taɓa ƙarfe, ya damƙi fanel da hannu. Wani ya ɗora wa ƙafa kayan da ya fi ƙarfinta, ya ce ta ja rile, makunnin nan mai maganaɗisu, kai tsaye, ko ya manta da dayod ɗin da ke shanye dukan da rile ke mayarwa in an kashe shi. Wani bakin mitarsa ya zame ya haɗe ƙafa biyu wuta na kunne. Akwai kuma ayan mai yoyon wuta, wannan ni kaina ya taɓa cinye mini fanel shida kafin na gane, kana nan, kai ka riƙe mini fitila.

Amma duk waɗannan ba su zaɓar ƙafa. Yau su kashe ta uku, gobe ta tara. In ka ga ƙafa ɗaya ce ke mutuwa kullum, to akwai mai zuwa mata ta hanya ɗaya kullum. Ka zauna da ƙanwarka ku bi wayar nan tun daga ƙafar har inda ta ƙare, ku rubuta duk abin da ya taɓa haɗuwa da ita, komai ƙanƙantarsa.

Tambaya ɗaya zan yi maka. Tsohuwar aisinmu wutar bolt biyar take ci, shi ya sa akwatin gwajin da ka ƙera yake aika biyar in yana kwaikwayon makunnin faranti. Ita wannan sabuwar, nawa take ɗauka? Na ji yaran yanzu suna cewa akwai masu cin uku da ɗigo uku, in ka ba su biyar sai su yi shiru kamar ba komai, alhali sun ƙone ta ciki. Ka duba ka gaya mini.

Ka gaida Auta, ka ce ta riƙa shan shayinta da zafinsa.

Kawunka

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yara suna gaida kai, ƙaramar ta fara tafiya.

Na gode da bayaninka. Duk abin da ka lissafa Auta ta riga ta bi shi, ai ba ta barin kowa ya riga ta. Ta sa an naɗe kafet an fitar. Ta ɗaura wata igiya a wuyan hannunta ta maƙala a ƙarfen tebur, wai don wutar jiki, ta kawo mini tawa, na ce ni ba akuya ba ne. Ta auna ayan ɗinta, ta auna nawa, duka lafiya. Dayod yana nan a wurinsa. Har cikin inji ta shiga da kanta tana bin waya, ta fito da ƙura a gira.

Na uku ma ya mutu, Kawu. Ranar Talata. Ƙafa ta sha huɗu.

Wannan karon Oga bai yi dariya ba. Akwai wata mai gidan gona da ta yi odar inji goma saboda labarin waya ɗin nan, kullum tana aiko da tambaya. Ya tara mu a ofishinsa, ya ce shi ba makaranta ya buɗe ba. Ya ba Auta zuwa Litinin ta kawo masa dalili a rubuce, abin da ke kashe ƙafar nan. In laifin zanenta ne, za a koma tsohon fanel, kuma tsohon fanel ba ya buƙatar injiniya. Haka ya faɗa, a gabana da gaban mai fenti. Sannan ya juyo ya ce da ni, "Kai, akwatinka lafiya yake?" Na ce na duba shi ciki da waje, shekara takwas bai taɓa yi wa fanel ƙarya ba.

Ka ce in zauna da ita. Kawu, ni wa ya taɓa zama da ni? Da Baba ya rasu, ni aka cire daga aji huɗu aka kawo maka, ita aka bar ta da littattafanta. Ban ce an yi kuskure ba, tana da kai. Amma ni ma fa ina da shi a lokacin. Ranar da ta gama karatu Inna ta yi kuka don murna, hotonta da hular nan mai igiya yana rataye a falo. Ni akwatin gwajin da na ƙera da hannuna, daga tarkacen tsohuwar rediyo, wanda duk fanel ɗin shagon nan sai ya bi ta kansa, Inna ta ɗauka abin cajin waya ne. In baƙi suka zo sai ta ce, "Auta injiniya ce, Babba kuma yana taimaka musu a can."

Maganar bolt da ka yi, aikin mai zane ne ya san abin da aisinsa ke ci. Ni gwaji aka ce in yi, kuma ina yi.

Direba yana jira, bari in tsaya nan. Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Babba

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum warahmatullah. Kawu, Auta ce, ina gaishe ka da girmamawa, ina fata jiki da sauƙi. Ka yi haƙuri ban rubuto ba tun da na kama aiki. Yau ma damuwa ce ta kawo ni, kuma ina roƙonka abin da zan faɗa ya tsaya tsakaninmu.

Na san Yaya ya ba ka labarin fanel ɗin da ke mutuwa. Na gano dalili jiya Alhamis. Yaya ya fita sallar azahar, ni kuma na rasa abin da zan ƙara aunawa, na auna komai a shagon nan har da soket ɗin bango. Abu ɗaya ne ban taɓa sa wa mita ba, akwatin gwajinsa. Ko a raina bai taɓa zuwa ba, ai na Yaya ne. Na sa mita a wayar da ke zuwa ƙafa ta sha huɗu, sai ga bolt biyar cif. Aisina uku da ɗigo uku take ɗauka. Duk fanel ɗin da ya hau teburin gwaji, da rauninsa yake sauka, ya je cikin inji ya ƙarasa.

Da a nan abin ya tsaya, da dariya zan yi in rungume shi. Na kwance bayan akwatin don in ga inda zan rage wutar. Kawu, an riga an rage. Razista biyu ne a wurin, masu rage ƙarfin wuta, sababbi, an haɗa su daidai yadda ya kamata, dalmar tana sheƙi. Aikin Yaya ne, ko cikin dubu zan gane ɗigon dalmarsa. Sai dai an sa filaya an datse ƙafar razista ɗaya, an mayar da tsohuwar waya. Ya gano, ya gyara, sannan ya warware gyaran. Na mayar da murfin na ɗaure, na shiga banɗaki na wanke fuskata.

Ranar Litinin Oga yana jiran takarda. In na rubuta akwati ne, zai buɗe ya gani, kuma Yaya ya riga ya ce masa ya duba shi ciki da waje. Ka san Oga, yana yafe ɓarna amma ba ya yafe ƙarya. Yaya yana da mata da yara uku, kuma ba shi da takardar da zai nuna a wani wuri. Ni ina da ita. Saboda haka zan rubuta cewa ban sa wa ƙafar kariya a zanena ba. Wannan ba ƙarya ba ce, da na sa, da ko biyar ɗin ba ta kashe ta ba. Sauran kuma zan bar shi a cikina, in tattara kayana.

Ina son aikin nan, Kawu, ba zan ce ba na so ba. Shi ne abu na farko da na zana aka ƙera. Amma abin da ya fi ci mini rai, da safen nan Yaya ya kawo mini burodi ya ajiye a teburina kamar kullum, ya ce in ci kada in rame. Na kasa gane wanne ne yayana a cikin biyun.

Don Allah kada ka gaya masa, kada kuma Inna ta ji. Addu'arka kawai nake nema.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Babba,

Salamu alaikum. Gaisuwa a taƙaice yau, na biya direba ya juyo musamman don wannan ta same ka kafin Litinin.

Na tambaye ka bolt nawa, ka ba ni labarin hoton falo. Tun a nan jikina ya ba ni.

Ga takardar ƙanwarka nan a ciki. Ta roƙe ni kada in nuna maka, na kuwa saɓa mata, zan nemi gafararta da kaina. Ka karanta a zaune.

Ba zan yi maka wa'azi ba, ka girma. Abu ɗaya zan ce. Ni na cire ka daga aji huɗu, ni na ba mahaifiyarku shawarar, don ina buƙatar hannu a shago kuma na ga naka yana da kyau. In akwai wanda za ka riƙe a zuci, ga ni nan da raina, ka zo ka faɗa mini, ka ɗaga murya yadda zan ji. Yarinyar nan shekararta goma sha biyu a lokacin.

Kawunka

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Na karɓi saƙo, ina gaisuwa.

Na karanta a zaune kamar yadda ka ce, a kan bencin nan. Ka san abin da na fara ji? Ba kunya ba. Haushi. Na ce wato ko a nan ma sai ta fi ni. Ta fi ni karatu, ta fi ni kujera, yanzu kuma ta fi ni hali, za ta tafi da kanta a sama ta bar ni da aikin da ta yi mini sadakarsa. In ci gaba da zama a shagon nan shekara ashirin, kullum na san a kan alherin Auta nake zaune. Wallahi da ta je ta tona ni gaban Oga da ya fi mini sauƙi, da na samu abin da zan ƙi ta dominsa.

Bari in faɗa maka yadda aka yi, tunda an zo nan. Fanel na farko ban sani ba. Na biyu na yi zargi, don ta taɓa ajiye mini takardar bayanin aisin a tebur, ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin uku da ɗigo uku, ni kuma na ɗora kofin shayi a kai, don ban ga dalilin da yarinyar da na goya za ta ja mini layi ba. Da takardarka ta zo na auna, na gani. Minti goma ya ɗauke ni in sa razistan nan. Na ji daɗin kaina ƙwarai, na ce yau zan nuna musu abin da injiniya ta kasa gani. Ina cikin ɗaure murfi sai Oga ya shigo da wani baƙo, ya wuce ni ko kallo babu, ya tsaya a kanta yana cewa, "Wannan ita ce ƙwaƙwalwar shagon nan." Baƙon ya nuna ni ya ce wancan fa? Oga ya ce, "Yayanta ne."

Suna fita na ɗauki filaya. Da ta kawo fanel na uku ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce, "Yaya, a yi mana addu'a wannan ya tsira." Na ce amin, na jona shi.

Burodin kuma da gaske nake kawo shi, Kawu. Ban san yadda zan yi maka bayani ba. Ina son ta ci ta ƙoshi, ina kuma son ta faɗi ƙasa sau ɗaya a rayuwarta, in ga yadda fuskarta za ta yi.

Maganar aji huɗu, ban shirya yin ta da kai ba tukuna. Wata rana zan zo.

Gobe Litinin. Maiɗakina ba ta san komai ba, tana ta tambayata me ya sa na ƙi cin abinci. Ban san abin da zan yi ba, kada ka ɗauka na yanke shawara.

Ɗanka,
Babba

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ka yi haƙuri da shirun sati uku.

Ranar Litinin ɗin na riga Auta shiga ofishin Oga. Na ɗora akwatin a teburinsa, na kwance murfin da kaina, na faɗa masa komai. Bai kore ni ba, ya ce darajar shekara goma sha ɗaya. Ya karɓe gwaji daga hannuna ya ba ta, ni aka mayar da ni haɗa fanel. Inji goman sun tafi, ba ƙafar da ta sake mutuwa. Har yanzu in ya ce Injiniya sai na ji haushi, amma ina ci gaba da aikina.

Auta ba ta tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Tana gaishe ni, tana zuwa gida ta ɗauki yara. Jiya na gama wani fanel, na yi masa aikin da ban taɓa yi wa wani ba, na kai mata. Ta karɓa ta ce, "Sannu da aiki, Yaya." Ta jira sai da na juya baya, sannan na ji ta jawo mita. Ƙafa arba'in da takwas ne a jikin aisin nan, ina zaune ina jin ƙarar mitar, ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba.

A gaida mutanen gida.

Ɗanka,
Babba